Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Kalmomin Wuri Tsakanin Turanci da Harshen Danmak

Duk wanda ya iya Turanci, ranar da ya fara leƙa harshen mutanen Danmak zai ɗauka ya tsinci dami a kala. "Under" ta Turanci "under" ce a can, "over" ma ko harafi ɗaya bai canza ba. "In" ta koma "i", "from" ta koma "fra", "out" ta zama "ud", "up" ta zama "op", "here" da "there" kuma "her" da "der". Wannan kamanni yana da dalili. Harsunan biyu tsatsonsu ɗaya, su da Jamusanci da harshen Holan. Bayan haka, tun daga ƙarni na 9 mayaƙa da manoma daga Danmak suka zauna a gabashi da arewacin Ingila, suka bar sawunsu a bakin mutanen wurin. Garuruwa irin su Derby da Grimsby da Whitby, wannan "by" ɗin da ke wutsiyar sunayensu tasu ce, kuma har gobe "by" a harshen Danmak gari take nufi.

To, a nan tarkon yake. Baturen Ingila in ya ce "by" yana nufin kusa da abu, ɗan Danmak kuwa gari ya ji an ambata. "At" ma akwai ta a harshensu, amma ba ruwanta da wuri, aikinta shi ne tsayawa gaban aikatau ko haɗa jimla da jimla. Waɗannan biyun ma da sauƙi, sau ɗaya mutum zai yi tuntuɓe da su ya kiyaye. Wahalar gaske tana cikin kalmomin da suka yi kama a fuska, suka kuma yi kusa a ma'ana, amma kowane harshe ya raba musu aiki yadda ya ga dama.

Harshe ne na mutum wajen miliyan 6, ba shi da yawan masu magana, amma wanda ya je ƙasar da niyyar zama ba shi da makawa sai ya koye shi. Akwai jarrabawa mai mataki uku da ake kira Prøve i Dansk, kuma cin ta na cikin sharuɗɗan samun takardar zama na dindindin da ta zama ɗan ƙasa. Bahaushen da ya samu kansa a wannan hali, kusan duk abin da zai dogara da shi ta Turanci zai zo masa: ƙamus, manhajar waya, har da bayanin malami a aji. Ni kuwa a ganina Turanci mugun ɗan jagora ne a wannan fage. Ya daɗe da zubar da bambance-bambance da dama da harshen Danmak ya riƙe gam, alhali Hausa tana da irinsu. Wanda ya bi ta Turanci yakan bar abin da kunnensa ya riga ya sani, ya je yana haddar doka kamar bai taɓa jin irinta ba.

Mu fara da "at" ta Turanci, domin ita ce ba ta da takwara ko kaɗan. Zama a gaban tebur "ved bordet" ne. Kasancewa a wurin aiki "på arbejde" ne. Yaro a makaranta yana "i skole". Mara lafiya a wurin likita yana "hos lægen". Wanda ya halarci ɗaurin aure yana "til bryllup". Wanda ke gida kuwa yana "hjemme", kalma ɗaya tilo, ba ta bukatar komai a gabanta. Duka shidan nan da "at" Turanci yake faɗinsu. Mai fassarar da ya je neman kalma ɗaya da za ta maye gurbinta ya ɓata lokacinsa, sai dai ya tambayi kansa wane irin wuri ne wannan: gefen abu ne, ma'aikata ce, hannun mutum ne, ko taro ne.

"Hos" ita ce ta fi ba mai tunani da Turanci wahala, ita ce kuma ta fi zo wa Bahaushe da sauƙi. Asalinta daga kalmar gida ne, "hus", kamar yadda "chez" ta Faransanci, wadda 'yan uwanmu na Nijar suka sani sarai, ta samo asali daga kalmar gida a Latin. Aikinta daidai yake da "wurin" ko "wajen" ko "gun" a Hausa idan mutum ne ya biyo baya. Ina wurin likita, "jeg er hos lægen". Yaran suna wajen kakarsu, "børnene er hos deres bedstemor". Ana amfani da ita ga kamfani ma, kamar a ce wance tana aiki "hos Lego i Billund". Abu ɗaya za a kiyaye: "hos" ta mai zaune ce. Da zarar an ɗaga ƙafa za a tafi, sai "til" ta karɓa, a ce "jeg skal til lægen", za ni wurin likita. Turanci sai ya yi ta kewaye-kewaye da alamar mallaka kafin ya faɗi abin da Hausa da harshen Danmak suke faɗa da kalma guda.

"Ved" kuma mafi kusa da ita a wurinmu ita ce "bakin" ko "gefen". Gida a bakin teku "ved havet" yake, mai jira a bakin ƙofa yana "ved døren". In ya matsa ya tsaya a tsakiyar ƙofar ya tare hanya, ya koma "i døren".

Sai manyan biyun, "i" da "på". Wannan harafin mai ɗan zobe a ka, å, a shekarar 1948 aka shigar da shi rubutun hukuma, kafin nan "aa" ake rubutawa, kuma furucinsa ya fi kusa da "o". Ƙamus zai gaya maka "i" ita ce "in", "på" ita ce "on". A kan tebur da jikin bango da cikin akwati, hakan ne. Daga nan kuma sai su fara musayar riga. Fasinja a bas ko jirgin ƙasa, Turanci ya ɗora shi a kai, harshen Danmak ya sa shi a ciki: "i bussen", "i toget". Abin da aka nuna a talabijin ko aka faɗa a rediyo "i fjernsynet" ne da "i radioen", amma abin da ke intanet "på nettet" ne. A ɗaya ɓangaren, mutumin da ke cikin hoto yana "på billedet", mai tafiya a titi yana "på gaden", magana da harshen kanta "på dansk" ake yinta.

Inda abin ya fi ɗaukar hankali shi ne inda kalmomin biyu suke iya zama gaban suna ɗaya, kowacce da tata ma'ana. "I landet" a cikin ƙasa ke nan, ƙasa mai iyaka da gwamnati. "På landet" kuwa a karkara. Turanci da "in the country" yake faɗin duka biyun, saboda haka mai fassara sai ya karanta gaba da baya kafin ya san ko marubucin yana zancen likitocin da ke ƙasar ne ko likitocin ƙauye. Taurari suna "på himlen", a sararin sama, amma "i himlen" sama ce ta addini, makomar salihai, kuma wanda ke fassara rubutun addini ba zai so ya haɗa su ba. Fitila tana rataye "i loftet", a jikin silin, tsofaffin akwatuna kuwa suna ajiye "på loftet", a ɗakin da ke tsakanin silin da rufi. Haka makaranta: ɗalibi yana "i skole" domin karatu ya kai shi, malama tana aiki "på skolen", uban da aka kira taron iyaye shi ma "på skolen" za a same shi.

Littattafan koyarwa sukan ba da doka cewa "på" ta ma'aikatu ce da fili buɗaɗɗe, "i" kuma ta wuri rufaffe. Dokar tana taimako, amma tana yoyo ta ko'ina. Asibiti da ofis da jami'a da laburare da kantin magani da gidan waya duk "på" suke ɗauka, banki da silima da coci da gidan yari kuma "i". A cikin gida ɗaya, ana cewa "i køkkenet" ga kicin, "i stuen" ga falo, "i soveværelset" ga ɗakin kwana, sannan a juya a ce "på badeværelset" ga banɗaki, alhali sunayen biyu na ƙarshe wutsiyarsu ɗaya. Ba na jin akwai amfanin wahalar da kai wajen neman hikimar da ke ƙarƙashin wannan. Sunan wuri da ƙaramar kalmarsa tare ake haddace su, kamar yadda mai koyon Hausa yake haddace kowane suna tare da jinsinsa.

Da aka zo sunayen ƙasa da garuruwa, dokar ta ɗan fi tsayawa da ƙafarta. Ƙasa da gari "i" ne: "i Danmark", "i Nigeria", "i København". Tsibiri kuwa "på" ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ke da tsibirai sama da 400 masu suna, fiye da 70 daga ciki da mutane a kai. Babban birnin ƙasar, København, yana "på Sjælland", Odense tana "på Fyn", haka "på Bornholm" da "på Lolland". Jylland, babban yankin da ke manne da Jamus, ba tsibiri ba ne, don haka Aarhus tana "i Jylland". Hukumar kula da harshen ƙasar, Dansk Sprognævn, wadda aka kafa a 1955, ta koma wani ƙaramin gari a 2019, kuma adireshinta kaɗai ya isa darasi: "i Bogense på Fyn". Turanci "in" zai sa wa garin, ga tsibirin kuma ya yi ta rawa tsakanin "in" da "on".

Amma harshe ba taswira yake bi ba, al'ada yake bi. A shekarar 1825 ambaliyar teku ta fasa zirin ƙasar da ke Agger a yammacin Jylland, ta raba arewacin yankin da sauran. Tun daga lokacin, in ana maganar ruwa da ƙasa, yankunan Vendsyssel da Thy da ke wannan arewacin a kan tsibiri suke, amma mutane suna nan suna cewa "i Vendsyssel" da "i Thy". Djursland kuwa, da ke manne da Jylland, "på" ake ce mata. Gadojin da suka haɗa Fyn da Jylland tun 1935, da kuma Fyn da Sjælland a 1997 da 1998, ba su canza komai a bakin mutane ba. A unguwannin babban birnin ma haka: "på Nørrebro", "på Vesterbro", "på Østerbro", amma "i Valby" da "i Vanløse". Waccan "bro" ɗin a yau gada take nufi, amma a da tana nufin hanyar da aka shimfiɗa wa duwatsu, irin waɗanda suka fita daga ƙofofin tsohuwar ganuwa, kuma mutum a kan hanya yake tsayawa. Unguwannin sun girma sun cika da benaye, kalmar ta zauna yadda take. Tituna ma an saba cewa mai ƙarewa da "gade" "i" ne, mai ƙarewa da "vej" "på" ne, duk da haka kowa "på Nørrebrogade" yake cewa.

A kan wannan doka ta tsibiri ne nahawu ya ci karo da siyasa. Girinlan, wadda suke kira Grønland, ita ce tsibiri mafi girma a duniya, kuma tsohuwar al'ada ita ce a ce "på Grønland". Sai dai wurin ba ƙanƙara da duwatsu ba ne kawai. Mutane wajen 56,000 ne a can, da harshensu da majalisarsu a Nuuk. Danmak ta yi musu mulkin mallaka har 1953, suka samu ikon tafiyar da harkokin cikin gida a 1979, aka faɗaɗa shi a 2009. Da wannan tafiya ne "i Grønland" ta yi ƙarfi, domin "i" ta ƙasa ce mai jama'a da hukuma, "på" kuwa tana iya sa mai sauraro ya ji kamar ana maganar wani yanki ne da ke can cikin ruwa a ƙarƙashin wani. Ayislan ta riga ta bi wannan hanya: ta zama jamhuriya a 1944 bayan dogon zama ƙarƙashin sarautar Danmak, kuma ana jin "i Island" da "på Island" duka. Tsibiran Faro, masu ikon cikin gida tun 1948, sun tsaya a "på Færøerne", saboda sunan kansa jam'i ne mai ɗauke da kalmar tsibirai.

Hukumar harshe ba ta haramta ko ɗaya ba, duka biyun daidai ne a nahawu. Amma mai fassara ba zai fake da wannan ba. Rubutun Turanci "in Greenland" kawai zai ce, bai ɗauki ɓangare ba, shi kuwa mai mayarwa dole ya zaɓa, kuma zaɓinsa za a karanta. Ni dai in zancen gwamnati ne ko zaɓe ko makarantu ko mutanen wurin, "i" zan sa ba tare da jinkiri ba. Mutanen da ake magana a kansu da yawansu ita suka fi so, kuma ba a rasa komai da girmama su da harafi ɗaya.

Duk wannan rabin aikin ne. Ɗaya rabin, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin, yana cikin wasu bayanau da ke zuwa biyu-biyu, gajere da dogo: "ind" da "inde", "ud" da "ude", "op" da "oppe", "ned" da "nede", "hjem" da "hjemme", "over" da "ovre", "hen" da "henne", "om" da "omme", "frem" da "fremme". Gajeren na mai motsi ne daga wuri zuwa wuri, dogon na wanda ya riga ya isa ne. Turanci "out" ɗaya gare shi ga mai fita da wanda ke waje, "home" ɗaya ga mai komawa gida da wanda ke zaune a ciki. Harshen Danmak ba ya barin ka wuce sai ka bayyana.

Dubi jimloli biyun nan: "Barnet løb ud på vejen" da "Barnet løb ude på vejen". Harafi ɗaya ne tsakaninsu. Ta farko tana cewa yaron ya rugo daga gefe ya faɗo kan titi. Ta biyu tana cewa dama yana kan titin yana guje-gujensa. A ce hatsari aka yi, shaida ya ba da bayani da Turanci, tafinta yana mayarwa ga ɗan sanda. A jimlar farko direba yana da abin faɗa, domin yaro ne ya ɓullo masa ba zato. A ta biyu kuwa za a tambaye shi yadda aka yi bai hango yaron da ke gabansa ba. Turancin baka sau da yawa ba ya rarrabewa, mai magana zai ce "on the road" ya wuce, don haka tafinta na gari zai tsaya ya tambayi shaidan abin da idonsa ya gani kafin ya buɗe baki. Haka "han går ind i huset", ya shiga gidan, da "han går inde i huset", yana kai da komo a cikin gidan.

Turanci ma ya taɓa mallakar irin wannan. Yana da "hither" da "thither" da "whither" na zuwa, da "hence" da "thence" da "whence" na fitowa, amma duk sun tsufa sun koma cikin tsofaffin littattafai. Ɗan Danmak har yau yana rarrabe "Hvor er du henne?" da "Hvor skal du hen?" da "Hvor kommer du fra?", wato kana ina, ina za ka, daga ina kake. A lura da ta tsakiyar: babu aikatau na tafiya a cikinta sam. Haka "jeg skal hjem" take, kalma uku, ni da niyya da gida. Mai tunani da Turanci yakan ji jimlar ta gutsure, ya yi ta ƙoƙarin cusa mata "go". Bahaushe kuwa kullum yana cewa "za ni gida", "za mu kasuwa", ba tare da ya nemi "tafi" ba. Ginin ɗaya ne. Canza wutsiyar kalma don nuna wuri ma ba baƙo ba ne a gare mu, tunda muna da baki da "a baka", kai da "a ka", zuciya da "a zuci".

Matsalar da ke nan ta kunne ce. Mutanen Danmak sun shahara da haɗiye ƙarshen kalma, kuma wannan "e" ɗin da ke rarrabe "ud" da "ude" sau da yawa ba ya fitowa fili a maganar yau da kullum. Abin da ke saura shi ne ɗan tsawon kalmar, da kuma wani ɗan tsinkewar murya a maƙogwaro da suke kira "stød", wanda ke kan "ud" da "ind" da "hjem" amma babu shi a dogayen. Ya yi kusa da abin da muke yi a tsakiyar "sa'a", sai dai ya fi shi laushi. Wanda ya tashi da harshen da tsawon wasali da karin sauti ke canza ma'ana yana da kunnen kama wannan, in an nuna masa inda zai saurara.

Dogayen nan suna da wani aiki kuma da babu ƙamus ɗin da zai iya kamawa. Ɗan Danmak ba kasafai yake cewa wane yana kicin ya tsaya nan ba. Zai ce "han er ude i køkkenet", yana waje a kicin, ko da kicin ɗin a cikin gidan yake, domin a tunaninsa falo ne tsakiya, "inde i stuen", kicin da banɗaki kuma gefe ne. Birni ciki ne, "inde i byen", karkara waje ce, "ude på landet". Arewa sama ce, kudu ƙasa: "oppe i Norge", "nede i Tyskland". Abin da sai an tsallaka ruwa ko titi kafin a kai gare shi "ovre" ne, shi ya sa mutumin babban birni yake cewa "ovre i Jylland", mutumin Jylland shi ma ya ce "ovre i København". Abin da ke bayan wani abu "omme" ne. Wanda ke nan kusa, ba hawa ba gangara ba tsallake, "henne" ne, kuma wannan ba ta da fassara a Turanci ko kaɗan. Kalmar "there" guda ɗaya tana iya zama "derinde", "derude", "deroppe", "dernede", "derovre", "derhenne" ko "derhjemme".

Ma'anar wannan ita ce kowace jimla tana tona inda mai maganar yake tsaye da yadda ya ɗauki wurin. Ɗan Danmak zai ce "nede i Nigeria", can ƙasa a Najeriya. Ɗan Najeriyar da ke zaune a Aarhus zai ce "hjemme i Nigeria", can gida. Rubutun Turanci bai rarrabe su ba, mai fassara ne zai san waye ke magana. In ya bar waɗannan kalmomi gaba ɗaya, nahawunsa ba zai karye ba, amma maganar za ta fito a bushe, kowa ya ji daga wani harshe aka ɗauko ta. Wannan ne ma ya sa nake ganin fassarar na'ura ta fi rauni a hira da labari fiye da takardar ofis: ba ta san tsarin gidan da ake magana a kai ba, ba ta san ko akwai ruwa tsakanin mai magana da garin da ya ambata ba. Mu ma ai haka muke. Fita da fito, shiga da shigo, sauka da sauko, duk suna gaya wa mai sauraro inda mai magana yake. "Nan" da "can" kuma, da canjin karin sauti, suna raba kusa da ni, kusa da kai, can da ake hange, da can da ido bai kai ba.

Akwai kuma aikatau. Turanci da "is" yake ajiye komai a wurinsa. Harshen Danmak yana son ya san yadda abin yake a wurin: a kwance, a tsaye, a zaune ko a rataye, wato "ligger", "står", "sidder", "hænger". Littafi yana kwance a kan tebur, kofi yana tsaye, hoto yana rataye a bango. Gari da gida da ƙasa kwanciya suke yi, "Aarhus ligger i Jylland". Rubutu tsayuwa yake yi, abin da jarida ta buga "står i avisen". Makulli a jikin ƙofa zaune yake, "nøglen sidder i døren". Wasu sun zo daidai da namu har abin ya ba da sha'awa: mara lafiya "ligger på hospitalet", yana kwance a asibiti, ɗan kaso kuma "sidder i fængsel", yana zaman gidan yari. Daga nan ne "put" ta Turanci take rabuwa: "lægge" in kwantar da abin za a yi, "stille" in tsayar da shi za a yi, "sætte" in zaunar da shi ko kafa shi za a yi, "hænge" in ratayewa ne. "Go" ma a yi hattara da ita, domin "gå" tafiya ce da ƙafa. Mai zuwa Ingila "tager til" ko "rejser til" zai ce.

Wanda zai nemi gidan wani yana bukatar ƙarin abu ɗaya. "Stuen" falo ce, amma kuma ita ce hawan ƙasa na bene, a adireshi ana taƙaita ta "st.". Hawan da ke bisanta shi ne "første sal", na ɗaya, irin lissafin Ingila da muka gada, saɓanin na Amurka da ke kiran hawan ƙasa na ɗaya. Bayan lambar hawa sai a ga "tv." ko "th." ko "mf.", wato ƙofar hagu, ta dama, ko ta tsakiya. Wanda aka rubuta masa "2. tv." zai hau matakala hawa biyu ya ƙwanƙwasa ƙofar hagu. Mai fassara takarda daga Turancin Amurka sai ya rage hawa ɗaya.

Saura "ad" da "af", waɗanda 'yan ƙasar kansu suke ruɗewa a kansu wajen rubutu, saboda a baki kusan sauti ɗaya suke fitowa. Turanci ba zai cece ka ba, domin "out of" yake cewa ga gida, ya kuma ce "out of" ga taga. A harshen Danmak fita daga gida "ud af huset" ne, fita ta ƙofa kuma "ud ad døren", shigowa ta taga "ind ad vinduet", hawa ta matakala "op ad trappen". "Af" tana nuna inda aka baro, "ad" tana nuna hanyar da aka bi. Wato "daga" da "ta". Bahaushen da ya tsaya ya faɗi jimlar da Hausa a zuci kafin ya rubuta zai dace a mafi yawan lokuta: in "ta" ce ta zo bakinsa ya sa "ad", in "daga" ce ya sa "af". Inda gwajin ba ya aiki shi ne wajen jingina, domin tsani ko keken da aka jingina da bango shi ma "op ad væggen" yake, kuma wannan sai dai a haddace shi daban.